Na'urarsu ba ta san Gobarau ba

Ranar Asabar wani abokin aikina Bature ya ja ni wani ɗakin koyon zane da kwamfuta a nan Amsterdam. Tsohon sito ne a bakin ruwa, kekuna jingine a ƙofa, ciki dogayen tebura, kowa da kofin shayinsa. Ga 'yan makaranta, ga wata tsohuwa da ta haura saba'in. Aikinsu a ranar shi ne su zagaya wani tsohon gini da waya suna ɗaukar hotonsa ta kowace kusurwa, manhaja ta haɗa hotunan ta tsayar da ginin cikin kwamfuta, ana juya shi gaba da baya, har tsagar jikin bulo ana gani. Daga nan su shigar da shi Blender, wata manhajar zane da haɗa fim a kwamfuta, su sa masa hasken hantsi ko na la'asar.

Da aka zo gwada manhajar da ke zana hoto daga rubutu, aka ce in rubuta wani abu na garinmu. Na rubuta hasumiyar Gobarau ta Katsina. Sai ga wata farar hasumiya siririya irin ta Turkiyya, da raƙuma a gindinta. Suka yi ta yabawa, wai garinmu akwai kyau. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai.

Irin waɗannan manhajoji, da suka bazu tun 2022, daga miliyoyin hotunan intanet suke koyo. Abin da ba su gani da yawa ba, sai su cike gurbinsa da wanda suka saba gani. Ginin ƙasa mai tsawon ƙafa 50, da ya haura shekara 500 a tsaye, ya zama baƙo a wurinsu saboda mu ba mu nuna shi ba.

Kada wani ya ce yaranmu ba su iya ba. Ƙanena yana nan wajen Ƙofar Ƙaura, da waya mai fasasshen gilashi yake haɗa fostar biki da ta 'yan takara, kuma wallahi hannunsa ya fi na da yawa cikin waɗanda na gani a ɗakin nan. Na san matsalar wuta, na san tsadar data, na san kwamfuta mai ƙarfi ba ta talaka ba ce. Amma Blender kyauta take tun 2002, kuma da ita aka yi Flow, fim ɗin ƙasar Latbiya da ya ci lambar yabo ta Oscar a 2025. Zagaya gini ana ɗaukar hoto kuwa waya kawai yake buƙata.

Da gobara ta ci majami'ar Notre-Dame ta Faris a 2019, an riga an auna ginin kaf da na'ura, awon ya taimaka wajen gyara. Mu fa? Ganuwa tana ta zaizayewa, kowace damina da rabonta. Maginan da suka san tubali da makuba da ɗaurin azara suna ta tsufa, 'ya'yansu sun koma siminti. Wa ya auna Ƙofar Soro? Wa ya ɗauki zanen bangon tsofaffin zauruka na cikin gari?

Ɗiyata a nan aka haife ta, Hausarta ma tsinto take yi. Ina so ranar da na kai ta gida ta tarar da abin da nake ba ta labari. Ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, don Allah ku nemi izinin masu kula da wuraren nan, ku fara da Gobarau kafin damina mai zuwa, sannan ku wuce Daura ku ɗauki Kusugu.