Ranar da kwamfutata ta mayar da ɗiyan mata iyayen mata

Baki ne ya ja mini. Muna shan fura a Mabera na ce wa abokaina aikina na kammala digiri shi ne ƙirƙiro yaren rubuta manhaja da Hausa zalla: "idan", "rubuta", "maimaita". Suka yi ta tafi. Da na san abin da ke gaba da na cika bakina da fura na yi shiru.

Kayan aikin biyu ne, Flex da Bison. Flex shi ne mai yanka: ya bi rubutunka ya datsa shi gunduwa-gunduwa, wannan suna ne, wannan lamba ce, wannan alama ce. Bison kuma alƙali ne, ya karɓi gunduwoyin ya duba ko jerinsu ya bi nahawun da ka shimfiɗa. Magadan Lex da Yacc ne, waɗanda aka yi a Bell Labs ta Amurka a shekarun 1970. Stephen Johnson ne ya rubuta Yacc, Lex kuwa har da hannun Eric Schmidt, wanda daga baya ya shugabanci Google. Ni dai abin da ban lura da shi ba, mutanen nan ba su taɓa tunanin Bahaushe zai zo musu da ƙ da ɗ ba.

Wata uku ina fama, cikin zafin Sakkwato da kowa ya sani, fankar kwamfutar tana kuka kamar injin markaɗe. Inna ta leƙo wata rana ta ce, "Kai, mi kaka yi tun safe?" Na ce ina koya wa kwamfuta Hausa. Ta ce, "Wace Hausa, tamu ko ta Kano?" Na yi dariya. Ashe tambayar jarrabawa ce.

Duk gwajin da na yi, da x da y na yi shi, komai na tafiya sumul. Ranar kare aiki, malamai uku a zaune, babbansu ya gyara tabarau ya ce, "Tunda yaren Hausa ne, rubuta mana Hausa. Ƙirga mana ɗaliban aji."

Na ce, "To, ranka ya daɗe." Na buga 'yan_mata = 12, layi na biyu 'yan_maza = 30. Na danna.

Kuskuren nahawu. Iyakar abin da Bison ya ce ke nan, kalmomi biyu na Turanci, don in ba ka roƙe shi ƙarin bayani ba, ba ya yi. Gumi ya fara bin bayana. Sai can na tuna: ni da hannuna na gaya wa Flex cewa duk inda ya ga ɗigon sama irin na 'ya, zance ne aka buɗe, ya haɗiye komai har sai ya ga na biyu. Shi kuwa bawan Allah ya cika umarni. Daga 'yan na farko zuwa 'yan na biyu ya dunƙule su loma ɗaya, har da 12 ɗin.

Nan dabara ta zo mini, ta Inna. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai mu nan ɗiya muka cewa." Aka yi murmushi. Na goge, na buga ɗiyan_mata da ɗiyan_maza, ina jin kaina gwani.

Abin da na manta, na faɗa wa Flex cewa suna daga a zuwa z yake. Harafin ɗ ba ya cikinsu, a UTF-8 ma, tsarin da kwamfuta ke adana haruffa da shi, gurbi biyu yake ci. Kuma ɗabi'ar Flex, abin da bai gane ba ba ya faɗa, tofar da shi yake a allo ya wuce. Sai ga ɗ guda biyu sun fito can sama su kaɗai kamar marayu, a ƙarƙashinsu kuma:

iyan_mata = 12
iyan_maza = 30

Malamar da ke gefe ta kifa kai a tebur. Babban malamin ya cire tabarau ya ce, "Ikon Allah. Yanzu-yanzu har sun haihu?"

An ba ni mako biyu in gyara. Gyaran layi uku ne, kafin la'asar na gama. Sunan ne bai gyaru ba: har yau in na hau kabu-kabu na ratsa Mabera, sai wani ya ɗaga murya, "Iyan mata, ina zuwa?"