Antoni Janar ba yaron gwamna ba ne

Tun jiya raina yake ɓace da wannan maganar da wani babba ya yi a rediyo, wai Antoni Janar ai lauyan gwamna ne, wanda ya naɗa shi shi zai yi wa aiki. Kun ji shi, ba sai na maimaita ba. Haba Alhaji! Da girmanka da iliminka?

Antoni Janar lauyan jama'a ne. Sashe na 195 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kira shi babban jami'in shari'a na jiha. Na jiha, ba na gidan gwamnati ba. Sashe na 211 ya ba shi ikon shigar da ƙarar laifi, ko karɓe ta daga hannun wani, ko janye ta gaba ɗaya, amma da sharaɗin ya duba maslahar jama'a da adalci. Ina sunan gwamna a nan?

Ku dubi Tom Miller na jihar Iowa a Amurka. Shekara 40 ya yi a kujerar nan, daga 1979 zuwa 1991, sannan daga 1995 zuwa 2023. Gwamnoni sun zo sun tafi, na jam'iyyarsa da na adawa, yana nan daram, domin ƙuri'a ce ta kawo shi. Yana cikin waɗanda suka ja daga da kamfanonin taba har aka yi sulhun 1998, inda suka amince su biya jihohi 46 sama da dala biliyan 200. Ranar da mutanen Iowa suka ga ya isa haka, a zaɓen 2022, su suka sauke shi da hannunsu.

Mu fa a Kaduna? A shekara takwas na El-Rufa'i mutum uku suka riƙe ofishin: Amina Sijuwade, Umma Hikima, Aisha Dikko. Ban ce ba su iya aiki ba, tsarin nake kuka da shi. Wanda takarda ɗaya za ta iya raba shi da kujera kafin la'asar, ta yaya zai kalli ubangidansa ya ce masa wannan bai halatta ba?

Na san za ku ce Amurka daban, Najeriya daban, in aka ce a yi zaɓe 'yan siyasa za su saye kujerar. To yanzu a hannun wa take? Ku bar wannan zancen. In zaɓe ya yi muku nauyi, a raba muƙamin Antoni Janar da na kwamishinan shari'a da mutum ɗaya ke riƙewa, a ba shi wa'adin da gwamna ba zai taɓa ba. An daɗe ana kawo wannan a gyaran tsarin mulki.

Wallahi abin da ke sosa min rai shi ne tsohuwar da za ka gani a ƙofar gidan yari da kwanon tuwo ɗaure a ɗankwali, ɗanta na jiran shari'a, fayil ɗinsa na jiran shawarar lauyoyin gwamnati. Ita ce mai wannan ofishin. Lauyanta ne, ba na gwamna ba.

Tunda na ambaci taba ma: dokar taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara, ta hana sayar wa wanda bai kai 18 ba. Ku leƙa teburin mai shayi a Tudun Wada ko Kawo bayan isha'i, ku ga yaran da ake aika su sayo, wasu har su kunna a hanya. Wa aka taɓa gurfanarwa a kan wannan?