Ɗan jarida ma yana da nasa mumbarin

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin labarai ya san abin da ake faɗa kan malamai idan an kashe makirufo. Wai sun ɗauki kansu ma'asumai, ba sa karɓar gyara, kowa ya saɓa musu sai su ce ya saɓa wa Allah. Akwai gaskiya a cikin zargin, ba zan musa ba. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Cutar da muke hangowa a kan mumbari tana nan kwance a kan teburin edita.

Ina aiki a wani gidan rediyo aka turo mana faifan wani malami, daƙiƙa 40 da aka yanko daga tafsirin da ya kai awa biyu. Kafin la'asar labarin ya hau shafinmu na intanet da kanu mai zafi. Wani yaro mai koyon aiki ya ce, "Yallaɓai, da an nemo cikakken karatun an saurara tukuna." Editan ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Ai mun san irinsu." Bayan kwana biyu ta bayyana cewa malamin yana karanto maganar wasu ne don ya yi mata raddi. Ba mu karanta gyara ba. Shiru kawai muka yi, kamar an shuka dusa.

Wannan "ai mun san irinsu" ita ce ainihin tsarkake kai. Ba ta da bambanci da ta mai wa'azin da zai ce duk 'yan jarida 'yan amshin shatan Turawa ne. Kowanne ya yanke hukunci kafin ya ji ƙara.

Manyan jaridun Turai ma ba su tsira ba. A watan Satumba na 2005 jaridar Jyllands-Posten ta Denmark ta buga zane 12 na izgili ga Manzon Allah (SAW), ta ce 'yancin faɗin albarkacin baki take karewa. Daga baya aka gano cewa a 2003 ita wannan jaridar ta ƙi karɓar zanen barkwanci kan Annabi Isa (AS), don gudun ɓata wa masu karatunta rai. Mujallar Charlie Hebdo ta Faransa kuwa, a 2008 ta kori tsohon mai zanenta Siné kan rubutun da aka ce ya taɓa Yahudawa. Ke nan kowa yana da abin da ba a taɓa masa. Jarida ce kaɗai ke ikirarin ita ba ta da shi, sai masu addini. Wannan bai halatta jinin da aka zubar a harin da aka kai ofishin Charlie Hebdo a Paris ba, bai halatta ƙona coci-coci a Maiduguri a 2006 ko a Damagaram da Yamai a 2015 ba. Waɗanda aka kashe a garuruwan nan ba su taɓa riƙe alƙalamin zane ba, kuma duk wanda ya tunzura matasa a kansu yana da tambayar da zai amsa.

Abin da ya faru a Kaduna a Nuwamban 2002 ya fi tsaya min a rai. Jaridar ThisDay ta buga rubutu kan gasar sarauniyar kyau ta duniya, da jimla ɗaya da ta taɓa mutuncin Annabi (SAW), jimlar da duk editan da ya san mutanen da yake rubuta wa ba zai bari ta wuce ba. Mutum fiye da 200 suka mutu a rikicin da ya biyo baya. Jaridar ta nemi gafara, wannan a yaba mata. Sai mataimakin gwamnan Zamfara na lokacin, Mamuda Aliyu Shinkafi, ya fito ya halatta jinin marubuciyar. Ɗan siyasa ne, ba mufti ba. Wanda ya fito ya ƙi amincewa da hukuncin shi ne Lateef Adegbite, babban sakataren Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci a lokacin, yana mai cewa jaridar ta riga ta ba da haƙuri. Kalmar "fatawa" ce ta zagaya duniya. Mutum nawa ne suka ji cewa majalisar Musulmi ce ta ja birki?

Malanta ta gado tana da maganin wannan cuta a cikinta. An ruwaito cewa an yi wa Imam Malik tambayoyi 48, ya amsa 32 da "ban sani ba". Fatawa takan ƙare da "Allah ne mafi sani". Suratun Najm ta hana mu tsarkake kanmu, Hujurat kuma ta ce a bincika labari kafin a afka wa mutane cikin jahilci. Gaskiya ne wasu malaman yau sun yi watsi da wannan, sun mai da raddi dambe, suna kafirta juna a Facebook don tara mabiya. Amma ko a haka, ɗalibi yana iya buɗe littafi ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ba haka yake a nan ba," kuma jama'a su ji shi.

Mu fa? Kundin ɗa'ar aikin jarida na Najeriya, wanda aka amince da shi a Ilori a 1998, ya wajabta gyara kuskure da ba wanda aka ambata damar mayar da martani. Yaushe rabon ka ji an karanta gyara a daidai lokacin da aka karanta labarin, da irin muryar da aka karanta shi? Mai wa'azi yana da masallaci ɗaya ko biyu. Mu muna shiga kowane gida, kowace motar haya, kowace rumfar mai shayi, kuma mun saba faɗin "majiya mai tushe" kamar isnadin hadisi ne ingantacce.

Malamin nan na faifan daƙiƙa 40, har yau idan ka rubuta sunansa a intanet, kanun labarinmu ne yake fara fitowa.