Wai Yaushe Ne Daular Rum Ta Faɗi?

Littattafan tarihi da yawa cewa suke daular Rum ta faɗi a shekarar 476, mu kuma muka haddace. Ni dai wannan magana ba ta taɓa kwanta mini ba.

To me ya faru a 476 ɗin? Wani kwamandan soja mai suna Odoacer ne ya tuɓe wani yaro, Romulus Augustulus, daga gadon sarauta a Ravenna, wani birni a Italiya. Ba ma a birnin Rum ba, don a lokacin daular ta kasu Gabas da Yamma, kuma sarakunan Yamma sun daɗe da ƙaura daga can. Bai kashe yaron ba, kuɗin kashewa ya yanka masa ya tura shi Campania a kudancin Italiya. Daga nan ya tattara kayan sarauta ya aika wa Zeno, sarkin Gabas da ke Ƙusɗanɗiniyya (Istanbul ta yau), wato sarki ɗaya ya isa. Majalisar dattawan Rum ta ci gaba da zamanta. Yankin Yamma kam dama ya riga ya zama gawa: an wawashe birnin Rum a 410, aka sake a 455, kuma tun 439 Bandalawa, wata ƙabilar Jamusawa, suka ƙwace Carthage da ke Arewacin Afirka, inda hatsi da haraji ke fitowa. Amma Yamma ai rabin daula ne.

Ga tambayar da nake so masu 476 su amsa mini. Kusan shekara ɗari bayan wannan rana aka haifi Annabi (SAW). Idan Rum ta riga ta faɗi, wa ya aika wa wasiƙa da sunan Hirƙal babban Rumawa? Suratur Rum da ta ba da labarin Farisa ta rinjaye su, kuma za su rama cikin 'yan shekaru, da su wa take? Da wa su Khalid bin Walid suka gwabza a Yarmuk a 636? Mutanen nan Rumawa suke kiran kansu, haka maƙwabtansu ke kiransu, kuma sarautarsu ba ta yanke ba tun da sarki Constantine ya kafa birnin Ƙusɗanɗiniyya a 330.

Na san abin da za a ce: sun koma magana da Girkanci, sun rasa Sham da Masar, ƙasar ta tsuke. Haka ne. Sai dai raguwar ƙasa daban, mutuwar daula daban. A 536 ma ai sojojin Justinian, sarkin Ƙusɗanɗiniyya, sun sake shiga birnin Rum.

In ana neman shekarar da aka karya wa daular ƙugu, 1204 ce. Abin mamaki, ba Musulmi ne suka yi ba. Mayaƙan Salibiyya ne, Kiristoci 'yan'uwansu, suka afka wa Ƙusɗanɗiniyya suka kwashe dukiyarta har da ta majami'u. Rumawa sun ƙwato birnin a 1261, amma ƙarfin bai dawo ba.

Ni dai a kan 29 ga Mayu 1453 na tsaya. Ranar ce Muhammad al-Fatih na daular Usmaniyya ta Turkiyya, yana ɗan shekara 21, ya shiga birnin bayan manyan bindigoginsa sun shafe makonni suna dukan ganuwa. Sarki na ƙarshe, Constantine na 11, a yaƙin ya mutu, ba a kuma naɗa wani ba. Shi kuwa al-Fatih sai ya ƙara "Kaisar Rum" cikin laƙubbansa.