An yanke wa Ishtar hukunci kafin a kalle shi

Tun da aka miƙa wa Elaine May, marubuciya kuma daraktar fina-finai 'yar Amurka, lambar Oscar ta karramawa a watan Maris na 2022, tana da shekara 89, masu sharhin fina-finai suka ɗauki wata ɗabi'a da ke ba ni haushi. Za su yabi basirarta, su jero ayyukanta, sannan su kawo Ishtar, fim ɗin barkwanci da ta rubuta ta kuma ba da umarni, a matsayin tabon da ya ɓata tarihinta. Sam ban yarda ba. Tabon yana jikin Hollywood da 'yan jaridar da suka binne fim ɗin a 1987.

An ce ya ci dala miliyan 50 da ɗoriya, ya dawo da miliyan 14 a gidajen siniman Amurka. Haka ne, an yi asara. To amma tun yaushe takardar akanta ta zama ma'aunin dariya? Fim ne kan wasu mawaƙa biyu na New York da ba su iya waƙa ba, ba su kuma san ba su iya ba, har neman abinci ya kai su Maroko, suka faɗa tsakanin hukumar leƙen asirin Amurka CIA da 'yan tawayen wata ƙasa da aka ƙirƙira mai suna Ishtar. May ta juya taurarin nata: Warren Beatty, wanda duniya ta sani da farin jinin mata, shi ne sakarai mai kunya, Dustin Hoffman kuma shi ke ji da kansa. A kalli farkon fim ɗin, suna zaune gaban fiyano suna laluben baiti, kowa na jinjina wa shirmen ɗan'uwansa da zuciya ɗaya. A kalli inda Hoffman ya fita bakin tagar bene zai kashe kansa, Beatty ya biyo shi yana rarrafe yana lallashi. Rubuta mummunar waƙa da gangan, ta ba da dariya kuma ta sa ka tausaya wa mai rera ta, aiki ne mai wuya, kuma marubucin waƙoƙi Paul Williams ya yi shi. Ga Charles Grodin, jami'in CIA mai sanyin murya da ke kare azzalumin sarkin Ishtar don amfanin Amurka, a daidai shekarar da badaƙalar Iran-Contra, ta sayar wa Iran makamai a asirce don tallafa wa 'yan tawayen Nicaragua, ta cika jaridu.

Aikin ya sha wahala, wannan ba boyayye ba ne. An fara ɗauka a Maroko a Oktoban 1985, watan da Isra'ila ta yi ruwan bama-bamai kan hedikwatar ƙungiyar Falasɗinawa ta PLO a Tunisiya, yankin duk a tsorace. May mace ce mai maimaita fitowa ɗaya sau da yawa, ta kuma samu saɓani da mai ɗaukar hoto Vittorio Storaro, da Beatty kansa wanda shi ne furodusa. Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ana tsakiyar tace fim ɗin aka naɗa David Puttnam shugaban kamfanin Columbia a 1986, mutumin da ke da tsohuwar tsama da Beatty da Hoffman. Columbia, kamfanin da ya zuba kuɗin, ya zare hannunsa, labaran almubazzaranci suka yi ta fita, kafin a saki fim ɗin ranar 15 ga Mayu 1987 jama'a sun haddace kuɗin da aka kashe ba su ga ko minti ɗaya ba. Mai zanen barkwanci Gary Larson ya zana shagon bidiyo na jahannama babu komai ciki sai Ishtar, daga baya ya nemi afuwa domin lokacin bai kalle shi ba.

Masu cewa kasuwa ba ta ƙarya su gaya mana wa ya biya bashin. Hoffman ya ci Oscar da fim ɗin Rain Man shekara biyu bayan fitowar Ishtar. Beatty ya ba da umarnin Dick Tracy a 1990. Darakta Michael Cimino, wanda fim ɗinsa Heaven's Gate ya durƙusar da kamfanin United Artists, ya sake yin fina-finai huɗu. May kaɗai ce ba a sake damƙa wa ragamar fim ɗin sinima ba. Ta koma rubuta wa wasu, ta rubuta The Birdcage da Primary Colors, amma kujerar darakta ta haramta gare ta, kuma ba na shakkar kasancewarta mace na cikin dalilan.

Lambar 2022 ihu ce bayan hari. Manhajojin kallon fim su fito da Ishtar fili inda mutane za su gan shi, editoci kuma su daina karɓar sharhi daga wanda ya karanta kasafin kuɗi bai zauna ya kalli fim ba.