Makarantar Lahadi daga nesa: a riƙe iyaye mata, a bar rigimar Zoom

Tun lokacin korona a 2020 da aka rufe wuraren ibada nake koyar da yaran cocinmu daga nesa, kuma har yau ban daina ba, don cutar ta lafa amma rashin tsaro ya watsa mana iyalai. Ƙaramar ikilisiya ce a Katsina, wasu iyayen sun koma Malumfashi wasu Funtuwa, wasu kuma suna ƙauye inda ba kowace Lahadi ake iya kama hanya ba. To kwanan nan a zaman dattawa wani ya kawo shawarar wai mu koma Zoom, manhajar taro ta bidiyo, kamar yadda manyan coci-coci na Abuja suke yi, ni dai ban goyi baya ba, kuma ga dalilina.

Yaron da muke magana a kansa ba shi da waya. Wayar ta baba ce, baba kuma yana gona ko kasuwa, in ya dawo sai an kai ta caji wajen mai janareta, data kuwa tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 a farkon 2025 kowa lissafi yake da ita. Sannan kar mu manta da Satumba 2021 da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, har da Funtuwa da Malumfashi da Ƙanƙara, kusan wata uku ba kira ba saƙo. Darasin da ya rayu a lokacin shi ne wanda ya riga ya shiga memori ko ya zauna a ƙwaƙwalwar uwa.

Abin da na ga yana aiki ba wani abu ne mai tsada ba. Ranar Juma'a nakan ɗauki murya ta minti biyar zuwa bakwai da Hausa zalla, labari ɗaya, a ce Dauda da Goliyat ko ɓataccen ɗa, aya ɗaya ta hadda, sai waƙa guda, in tura a gurup ɗin WhatsApp na Zumuntar Mata. Mai babbar waya ta tura wa maƙwabciyarta ta Bluetooth, mai ƙaramar waya ta saurara ana girki yara na kewaye da murhu, ranar Lahadi da yamma su turo muryar yaro yana karanto ayar. Uwar da ba ta yi boko ba ma tana iya wannan, kuma sau da yawa ita ke fara haddacewa kafin yaran. Timoti na Littafi Mai Tsarki ma ai wajen kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki ya fara samun bangaskiya, kuma Littafi Mai Tsarki cikakke yana nan da Hausa tun 1932, don haka ban ga dalilin da za mu riƙa sauko da bidiyon turanci muna tura wa yaron da Hausa yake addu'a ba.

Masu cewa waya ba ta maye gurbin zumunci, gaskiyarsu ce, ni ma abin na damuna. Yaro na buƙatar ya zauna a benci da sa'anninsa, ya yi wasan kwaikwayon Kirsimeti, malami ya kalli idonsa ya gane yau akwai damuwa a gida, wannan murya ba ta yi. Shi ya sa nake ganin ko sau ɗaya a wata gidajen da ke kusa su haɗa yaransu a tsakar gida ɗaya da rana, babba ɗaya ya jagoranta. Amma a kiyaye, kar a sa hoton yara ko wurin haɗuwa a gurup, kuma malami kar ya riƙa tura wa yaro saƙo shi kaɗai, komai ya bi ta hannun iyaye.

Roƙona ga Fasto da dattawa shi ne a daina barin malaman yara suna sayen data daga aljihunsu. A ware wani abu daga baiko, wato kuɗin da ake bayarwa a coci, kowane wata, a sayi memori a zuba darussan wata uku a ciki, a ba duk wanda zai yi tafiya ƙauye ya kai, sannan a kira shugabannin Zumuntar Mata a zauna da su kafin a tsara darasin zango mai zuwa.