Kufan Slievemore da Ƙauyukanmu da Ba a Rubuta ba

A tsibirin Achill da ke gundumar Mayo, a yammacin ƙasar Ailan inda nake zaune yanzu, akwai wani kufai a gindin dutsen Slievemore, inda kangayen gidajen dutse kimanin 80 suke jere, babu rufi, tumaki na kiwo a tsakaninsu. Mutanen wurin sun tashi ne a zamanin babbar yunwar da ta soma a 1845, lokacin da cuta ta lalata dankalin da suka dogara da shi, da yawansu suka koma Dooagh kusa da teku. Duk da haka jikokinsu sun ci gaba da hawowa da shanu kowace bazara suna kwana a gidajen har zuwa shekarun 1940, kamar yadda Fulani ke komawa mashekarinsu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda mutum zai iya bin diddigin wuri irin wannan. An raba Ailan zuwa ƙananan yankuna na gonaki da gidaje fiye da 60,000, kowanne da sunansa da iyakarsa, kuma tsakanin 1824 da 1846 an zana taswirarsu duka. Daga baya Richard Griffith ya jagoranci ƙiyasin haraji wanda ya rubuta sunan mai riƙe da kowace gona da na mai ƙasar da yake biya wa haya. Gaskiya ne mulkin Birtaniya ya yi wannan aiki don karɓar kuɗi, ba don ƙaunar talaka ba, amma yau ɗan manomi da aka haifa a Amurka yana buɗe intanet ya ga sunan kakansa a ƙidayar 1901.

Mu kuwa mun adana tarihin sarakuna da yaƙe-yaƙensu, maroƙa sun haddace jerin sarautu, amma tarihin ƙauye yana bakin tsofaffi ne kawai. Yunwar Kakalaba ta 1914 ta watse garuruwa a ƙasar Hausa, sai dai wane ne zai iya nuna gidajen da suka tashi da inda suka nufa? Rahotannin haraji na Turawa suna ajiye a Kaduna, amma ɗan ƙauye bai ma san da su ba.

Ban yarda cewa rashin kuɗi ne ya hana mu ba. A 1937 Ailan tana fama da talauci, amma ta sa ɗaliban firamare su tambayi kakanninsu labaran unguwarsu, su rubuta a littattafan makaranta, kuma ana karanta rubutun nasu har yau. Hukumomin ilimi na Kano ko Katsina ko Damagaram suna da malamai da yara, suna da dagatai da masu unguwanni da za su buɗe ƙofa, kuma har yanzu akwai dattawan da suka ga farin 1973 da idonsu, waɗanda suka san wanda ya haƙa rijiyar farko a garinsu.